Dandalin 'Yan Leƙen Asiri da Ilimin Dattawan da Bai Shiga Kwamfuta Ba

Rahoton kwamitin da ya binciki harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya fito a 2004, ya nuna cewa hukumomin leƙen asirin Amurka suna da guntayen bayanai a kan maharan, sai dai kowace ta rungume nata. CIA ta san biyu daga cikinsu sun shiga ƙasar, amma labarin bai isa ga FBI a kan kari ba. Bayan harin kuma aka ɗauki matasa masu yawa aikin nazarin bayanai, a daidai lokacin da dattawan zamanin yaƙin cacar baka ke shirin ritaya. Sai matsalar ta zama biyu: yadda ilimi zai ƙetara daga hukuma zuwa hukuma, da yadda zai sauka daga manya zuwa yara.

An nemi magani a wajen manhaja. A 2006 aka buɗe Intellipedia, kundin sirri mai tsarin Wikipedia, wanda jami'an CIA biyu, Sean Dennehy da Don Burke, suka tsaya wa. Duk wanda ya yi gyara a ciki, sunansa na biye da gyaran. A 2008 aka ƙara da A-Space, dandalin da jaridu suka kwatanta da Facebook, inda manazarci zai iya gano wanda ya fi shi sanin wata ƙasa ya tambaye shi.

Dabarar ta yi amfani wajen tara bayanai cikin gaggawa, amma ba ta sauya yadda ake yanke hukunci ba. An gwada rubuta babban rahoton hasashe a kan Nijeriya ta Intellipedia, daga baya aka koma tsohuwar hanya. Dalilin yana cikin tsarin aikin. Ana yi wa manazarci ƙarin girma ne bisa rahoton da ya ɗauki hatimin hukumarsa ya isa teburin shugabanni. Awannin da dattijo zai ɓata yana bayyana wa sabon ma'aikaci dalilin da ya sa ba a yarda da wata majiya ba, babu mai lissafa masa su. Fallasar Manning a 2010 da ta Snowden a 2013 kuwa sun ƙara wa masu son rufe ƙofa hujja.

Abin da dattijo ya sani, yawancinsa ba ya cikin takarda: sanin maƙaryacin majiya, da tuna hasashen da ya taɓa kuskurewa da abin da ya jawo haka. Irin wannan ilimi sai da zama tare da tambaya yake fitowa. Hukumar da ke son ta gāje shi dole ta sa koyar da na baya cikin ma'aunin ƙarin girma, ta kuma ware masa lokaci tun kafin ranar sallama ta zo. In ba haka ba, dandalin zai cika da matasa suna tambayar juna, masu amsar kuwa sun riga sun tafi gida.