Ba Kowane Giɓi Ne "Lacuna" Ba

Waɗansu akawuna da malamai sun ɗauki al'adar sa kalmar "lacuna" duk inda suka ga giɓi. Lalle wannan kuskure ne. Asalinta daga harshen Latin take, watau rami. A Turanci kuwa ana nufin abin da ya ɓace cikin rubutu, kamar layin da gara ta ci a tsohon littafi, ko al'amarin da doka ta yi shiru a kansa. Ita lauyoyi suka yi ta ambata a 2015, sa'ad da Abubakar Audu ya rasu ba a kammala zaɓen gwamnan Kogi ba. Amma gurbin malami "vacancy" ne. In akawu ya musanya su, takarda ta kwana ofis, yara kuwa na zaune ba malami.