Kafin Ka Ce Laftof Ɗinka Ta Mutu, Duba Cikinta

Lokacin furojet ya zo, kuma ga kukan da muka saba ji a ɗakunan kwana: “Wallahi laftof ɗina ta gama aiki.” Ka buɗe Chrome da Word, ka ƙara SPSS ko AutoCAD, sai ta tsaya cik kamar jakin da ya ga rafi. Daga nan sai waya gida, a turo kuɗin sabuwa. Ni ɗan Yashe ne, ta ƙaramar hukumar Kusada, na san abin da wannan wayar ke nufi a gidajenmu: buhunan gero ne za su fita daga rumbu, ko a kai akuyar Inna kasuwa. Ra'ayina shi ne yawancinmu RAM kawai muke buƙatar ƙarawa.

Ɗauki hadis ɗin kwamfuta a matsayin rumbu, RAM kuwa tabarmar shanya. Komai cikar rumbu, in tabarma ƙarama ce, aiki sai a hankali. Yawancin na-hannu da muke saye da 4GB suke zuwa, alhali 4GB ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema don ta tashi kawai. Mayar da ita 8GB, za ka rantse an canza maka na'ura.

Sai dai ba a sayen RAM da ka. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, sannan Memory, ka ga nawa gare ka da gurbi nawa ya rage. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, za ta faɗa maka nau'in. DDR3 na laftof haƙora 204 gare ta, DDR4 kuwa 260, ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya, kada wani ya ce a danna da ƙarfi. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne DDR3 da DDR3L: kamanninsu ɗaya, amma ta farko bolt 1.5 take ci, ta biyu 1.35. HP EliteBook 840 G1 da G2 DDR3L suke so, G3 kuma DDR4. A jikin takardar sandar, nemi PC3L ko PC4.

Wani zai ce ta-hannu ba ta da tabbas. Gaskiya ne akwai gara-gurbi a kasuwa, amma RAM ba ta da abin da ke juyawa a ciki, ba ta saurin lalacewa kamar batir. In za ka shiga mota zuwa Kano, ko Titin Beirut ko Farm Centre, tafi da laftof ɗin. A sa a gabanka, a kunna, ka ga adadin ya fito, kuma ku yi magana kan canji kafin ka biya. A ɗaki, gwada ta da MemTest86.

Ban ce maganin kowace cuta ba ce. Wasu siraran laftof an like musu RAM a jikin allo, babu ƙari. Windows mai 32-bit ba ta amfani da fiye da 4GB. In kuma hadis ɗin ne ya tsufa, SSD ce mafita.

Ga kirana ga ƙungiyar ɗalibai: a ware Asabar ɗaya kowane zango, 'yan sashen kwamfuta su zauna da sukundireba su duba wa 'yan'uwa laftof kyauta, a haɗa kuɗi a sayo sandunan a sari. Ƙanwarmu ta ajin farko da ba ta san DDR3L ba, bai kamata ta koya a hannun mai shago ba. Shugabanni, kuɗin ƙungiya da muke biya, ga inda za su yi mana rana.