Daga Samaru zuwa Yolde Kohi

A Disambar 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda masu binciken Samaru a Zariya suka samar don ya jure tsutsar da ke huda kwanso. Feshi biyu ya ishe shi, maimakon shida zuwa takwas. Ga manomin Yolde Kohi ta Yola ta Kudu da ke sayen magani da tsada a kasuwar Jimeta, wannan babban sauƙi ne, in har irin ya iso hannunsa kafin shuka.

A nan gizo ke saƙa, domin malaman gona sun yi ƙaranci.  Don haka ya kamata Gwamnatin Adamawa da Jami'ar Modibbo Adama su buɗe gonakin gwaji a Yola ta Kudu kafin damina.