Magori a Cikin Kwalba

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe Kaduna tun daga Kawo har Kabala, sai kasuwar maganin tari ta buɗe. A bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da tashar Kawo, lasifika ba ta gajiya da yi wa wani ruwa mai zaƙi kirari: wai haɗin gargajiya ne, ba ya cutarwa, jariri ma zai sha. Wannan “ba ya cutarwa” ita ce maganar da ya wajaba a ƙaryata, domin da rayukan ’ya’yanmu ake cinikinta.

Kada mai karatu ya zaci gadon kakanni ake zagi. Tsohuwar da ke dafa citta da kanumfari, ta matsa lemun tsami, ta san abin da ta zuba a tukunya, ta san yaron, kuma tana nan gobe idan al’amari ya ɓaci. Kwalbar bakin titi kuwa ta ari sunan gargajiya, ta ari rigar asibiti, amma ba ta ɗauki amanar ko ɗaya daga cikinsu ba. Wace saiwa ce a ciki, kuma gwargwadon me? Da wane ruwa aka dafa ta, yaushe za ta lalace? Ko zuma, da duk albarkarta, likitoci sun hana a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya, balle haɗin da mai shi kaɗai ya san sirrinsa.

Za a ce ai maganin kamfani ne ya fi kisa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 2008 maganin haƙori na My Pikin ya gurɓata da wani sinadari mai guba, irin wanda ake sa wa man birki, ya hallaka yara 84 a Nijeriya, kuma asibitin koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da aka kwantar da su. A 2022 magungunan tari da mura daga Indiya sun kashe yara kusan 70 a Gambiya. To amma a duba yadda aka gano ɓarnar: kwalaben suna da sunan kamfani da lambar haɗi, shi ya sa aka bi sawu, aka janye su, har kotu a Legas ta yanke wa mutum biyu ɗaurin shekara bakwai a 2013. Idan abin da ake sa wa ido ya yi wannan ta’asa, ina ga wanda ba mai dubawa? Kwalbar magori in ta yi kisa, ba wanda ake tuhuma, sai a ce kwana ya ƙare.

Ko lambar NAFDAC da wasu ke tutiya da ita, a yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta cewa gwaji bai nuna illa ba. Ba ta tabbatar da cewa maganin yana warkarwa.

Babbar cutar ma jinkiri ce. Yawancin tarin mura kan tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, kwalba ta kwashe yabo a banza. Amma wani tarin ɗan aiken ciwon huhu ne, cutar da UNICEF ta ƙiyasta ta kashe yaran Nijeriya 162,000 a 2018 kaɗai. Alamarsa a fili take: numfashi 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuwa ƙasan ƙirji ya riƙa lotsawa idan yaro ya ja iska. Irin wannan yaro asibitin Barau Dikko ko na unguwa yake buƙata a ranar, kuma kowane cokali na ruwan zaƙi lokaci yake ci masa. Tarin da ya haura mako biyu kuwa gwajin tarin fuka ya kamace shi, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Talauci ne ke tura uwa wurin mai lasifika, ba rashin ƙauna ba, saboda haka laifin ya fi nauyi a wuyan masu iko. Hukumomin lafiya su fito tasha da kasuwa su kwashe duk kwalbar da ba ta da asali, gidajen rediyo su daina sayar da muryarsu ga mai da’awar warkar da komai, gwamnati kuma ta sa maganin ciwon huhu ya wadata a asibitocin unguwa. Masu maganin gargajiya na gaskiya suna da hanya: Niprisan, maganin sikila, daga ilimin gargajiya ya fito, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta gwada shi kafin ya shiga hannun jama’a. Mai gaskiya ba ya tsoron awo. Wanda ya ƙi a gwada haɗinsa, bai cancanci a miƙa masa bakin jariri ba.