Lafiyar Iyali: In Ƙashin Tsohuwa Ya Yi Rauni

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Bodinga da Shagari, har da Mandera, in tsohuwa ta zame a bakin rijiya ta karye, sai mu kai ta wurin mai ɗori, mu ce tsautsayi ne. Sau da yawa kuwa ciwo ne. Bayan mace ta daina al'ada, ƙashinta yakan riƙa zaizayewa daga ciki kamar itacen da gara ta ci, ba zafi, sai ranar karaya. Doro da raguwar tsawo su ma alamu ne.

Hoton ƙashi na kullum ba ya nuna ciwon da wuri. Saboda haka wadda ta karye daga ƙaramar faɗuwa, bayan ɗori ma, mu kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Likita yakan ba da ƙwayar alendronate, sau ɗaya a mako. Ana sha da safe kafin karin kumallo, da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta sai bayan minti 30.

Kindirmo, miyar kuka, zogale da shan hantsi suna taimakawa. Abin da ya fi damunmu shi ne dexamethasone da 'yan matanmu ke saya don su yi ƙiba. Wannan ƙwaya tana cin ƙashi tun da ƙuruciya.