Baje Kolin Bindigogi a Lokacin Matsi: Kasuwar Tsoro

Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bisa wannan, mai karatu zai yi zaton cewa idan tattalin arziki ya karye, kowace kasuwa takan mutu sai ta abinci da magani. Amma fa a ƙasar Amurka akwai wata kasuwa da takan ƙara cika a daidai lokacin da aljihu ya bushe, wato baje kolin bindigogi. A nawa ra'ayi, tsoro ne ke cika wannan kasuwa, kuma talakan da ya kai ɗan guzirinsa can ya yi cinikin asara.

Da farko ya kamata mu san yadda wurin yake. Akan kama wani makeken zaure ranar Asabar da Lahadi, a jera tebura cike da bindigogi da harsasai da wuƙaƙe, mutum ya biya kuɗin shiga ya yi ta zagayawa yana tayawa. Wanda ake yi a birnin Tulsa na jihar Oklahoma yakan ɗauki tebura fiye da 4,000. Doka ba ta hana ba, domin gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya ba jama'a 'yancin riƙe makami, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa 'yancin na kowane mutum ne a kan kansa.

To, a watan Satumba na wannan shekara ta 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, dubban iyalai suka rasa gidajensu, har rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoban 2009. Duk da haka, binciken da hukumar FBI kan yi wa masu neman sayen bindiga ya tashi daga kimanin miliyan 11 a 2007 zuwa miliyan 14 a 2009, har harsashi ya yi wuya a kantuna. Haka aka sake gani a 2020, shekarar annobar korona, inda binciken ya kusa kai miliyan 40. Gaskiya ne cewa ba talauci kaɗai ya jawo wannan ba. A 2008 wasu sun ji tsoron sabon shugaba Barack Obama zai tsaurara doka, a 2020 kuma tarzoma ta ɓarke a birane da dama. Sai dai duk waɗannan dalilai uwarsu ɗaya ce, wato fargabar abin da gobe za ta haifar.

Masu kare wannan ciniki suna da hujjoji biyu, kuma bai kamata a raina su ba. Sukan ce idan yunwa ta yi yawa ɓarayi kan yi yawa, don haka dole magidanci ya tsare iyalinsa. Sukan kuma ce bindiga kadara ce da ba ta saurin faɗuwa, ana iya sayar da ita ranar buƙata. Amma mu dubi wanda harsashin ya fi ci. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu, wato 26,328, su suka harbe kansu. Mutumin da aka kora daga aiki, bashi ya yi masa katutu, mai gida yana neman kuɗin haya, shi ne wanda ya fi dacewa a nesanta shi da makami. Baƙin ciki yakan zo ya wuce idan aka ba shi lokaci, amma bindiga ba ta ba mutum damar sake tunani.

Bugu da ƙari, akwai wata ɓaraka a dokar. Dillali mai lasisi dole ne ya binciki mai saye, amma dokar tarayya ba ta tilasta haka a kan wanda ba sana'arsa ba ce, ya kawo tasa kawai don ya sami na cefane. Ta irin wannan hanya aka sayi uku daga cikin bindigogin da aka kai hari da su makarantar Columbine a jihar Colorado a 1999, inda aka kashe ɗalibai 12 da malami guda a ranar. Mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a a 2000 suka toshe wannan kafa, amma jihohi da yawa ba su bi sahu ba. Lokacin matsi kuwa, mai sayarwa da bashi ya sha wa kai ba shi da halin tantance wanda ya miƙo masa kuɗi.

Daga ƙarshe, ba na cewa duk wanda ya je baje kolin mugu ne. Da yawansu mafarauta ne da masu sha'awar tsofaffin makamai. Abin da nake cewa shi ne, cikar wannan zaure a shekarar fatara shaida ce cewa jama'a sun yanke ƙauna daga hukuma, sun kuma fara zargin maƙwabtansu. Maganin wannan kuwa aikin yi ne, da tallafi ga wanda ya rasa, da dokar da za ta binciki kowane mai saye ba tare da togiya ba.