Jar Fitilar Mai A Katafila: A Auna Tukuna

Yanzu da aka kau da amfanin gona, hankalin manoman fadama ya koma ga noman rani. A Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke zuwa, da Bakolori ta wajen Talata Mafara, da sauran wurare masu tafki, lokacin yashe magudanan ruwa ke nan. Aikin da sai an yi gayya a da, yau katafila ke yin sa, irin mai dogon hannu da bokiti a baki. Manoma su haɗa kuɗi su yi hayarta, ana lissafi da awa ko da yini.

To, ana cikin aiki sai jar fitilar baƙin mai ta kama a gaban direba. Nan ake rabuwa biyu. Masu haya su ce ai ga inji na kuka lafiya, a ci gaba. Direba, don kada a ce ya ci kuɗin banza, sai ya ce sensa ce ta lalace, ya zare wayarta. Wani mai mota kuwa da ya ji labari sai ya sa a kwance inji duka. Dukansu sun yi garaje, gama babu wanda ya auna.

Ita sensa ɗan ƙarfe ne da aka ɗaura a jikin inji, a kan hanyar da mai ke bi. Aikinta ta ji ƙarfin da famfo ke tura mai, ba yawan man da ke cikin tukunya ba, ba kuma ruwanta da man da ke ɗaga hannun katafila. Ta tsofaffin injuna waya ɗaya gare ta, in ƙarfi ya faɗi ƙasa ƙwarai ta kunna fitila. Ta injunan yanzu, irin na Caterpillar da Komatsu da Hitachi, galibi waya uku: ɗaya ta kawo wuta bolt 5, ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta kai labari ga kwamfutar inji, wadda kan rage ƙarfin inji ko ta kashe shi. Lalle sensa takan yi ƙarya. Zafi da jijjiga suna cin ta, mai kan tsatso ta cikinta ya jiƙa bakin waya, ɓera ma kan ci waya in mota ta daɗe a ajiye. Amma ranar da gaskiya ta faɗa aka ƙi ji, mintoci kaɗan sun isa ƙarfe ya ci ƙarfe, karanshaf ya tafi, inji ya kama. Kuɗin sensa kuwa ko kusa da na karanshaf bai kai ba.

Saboda haka abin da ya wajaba shi ne a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji nan take. Bayan mai ya kwanta, a zaro sandar awo, mota tana bisa wuri mai daidai. In mai ya yi ƙasa, ga dalili nan, musamman ga mota mai aiki a gangaren bakin rafi, inda mai kan gudu gefe guda famfo ya zuƙi iska. In kuwa mai ya haura alama, ya tsinke, yana warin man gas, to gas ne ke zuba ciki. In ya yi fari-fari kamar an zuba nono, ruwan lagireto ne. Waɗannan duka ba laifin sensa ba ne.

Kadan mai yana daidai, sai a dubi waya tun daga bakin sensa. A murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba: mai waya ɗaya dole fitilarta ta kama, mai waya uku kuma allo ya nuna babu ƙarfi. Allon da ya nuna ƙarfi alhali inji na kwance, ko lambar da ke tsalle in an girgiza waya, ya tona asirin kansa.

Amma mai raba gardama shi ne gejin hannu, mai allura da tiyo. Makaniki ya kwance sensa, ya ɗaura geji a raminta, a ta da inji. Kada a yarda da awon sanyin safiya, domin mai mai sanyi kauri gare shi, ko tsohon inji sai ya nuna ƙarfi. Sai inji ya yi zafi za a karanta, yana silo, sa'an nan an ba shi wuta. Yawancin injunan gas sukan nuna tsakanin laba 30 da 60 suna cikin aiki, ko da yake littafin kowane inji shi ke faɗin nasa. In geji ya nuna daidai, sensa ce ko waya, a sake ta a koma aiki. In allura ta kwanta, to sensa ta fita zargi. Sai a bi matatar mai, da ragar da ke bakin famfo, da bawul mai rage ƙarfi, da shi famfon kansa. Fitilar da ke ƙyaftawa a silo bayan inji ya yi zafi, ta ɗauke in an ba shi wuta, sau da yawa alamar tsufan inji ce ko man da ya tsinke.

Abin mamaki, makaniki nawa ne ke zuwa daji da wannan geji? Da yawa sifana kurum suke kawowa, da sabuwar sensa a aljihu, watau sun yanke hukunci tun ba su ga mota ba. Wasu ma sukan naɗe zaren sensa mai waya ɗaya da farin tef mai yawa, alhali ta jikin inji take samun ƙasa, sai fitila ta mutu ɗungum a zaci an gyara.

Manoma ma suna da nasu kason laifi, gama su ke tsaye a kan direba suna ƙirga awa. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin manoma da magatakardansu su sa a takardar haya cewa in fitilar mai ta kama, lissafi ya tsaya daga wannan minti, ba a kuwa cin direba tara. Mai mota kuma ya ɗauki alkawarin turo makaniki da geji a ranar, ya nuna a rubuce awa nawa inji ya yi tun juyen mai na ƙarshe. Galibin injunan nan awa 250 ko 500 aka yanka musu, a wurin ƙura kuwa gara a bi ƙaramar lamba.